Me za mu kira kombinatorik da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar lissafi. Akwai reshen lissafi da Turawa ke kira kombinatorik, kuma duk sanda na zauna zan yi bayaninsa da Hausa sai harshena ya sarƙe tun a wurin suna. Ga sunan da na tsaya a kai, da dalilaina.

Sai an ga abu ake raɗa masa suna, don haka ga misali. A ce mutum 6 ne a ɗaki, kowane biyu ko dai sun san juna ko ba su san juna ba. Ko yaya aka yi, dole a sami uku da duk sun san juna, ko uku da duk baƙin juna ne. Ɗauki mutum ɗaya, saura biyar. A cikin biyar ɗin nan, ko dai ya san aƙalla uku, ko aƙalla uku baƙi ne gare shi. A ce ya san uku. In biyu daga cikinsu sun san juna, su da shi sun cika uku. In kuwa babu, to su ukun nan baƙin juna ne. Ɗaya ɓangaren ma haka yake. Da mutum 5 kuwa ba dole ba ne: zaunar da su a da'ira, kowa ya san na damansa da na hagunsa kawai, ba za ka sami ukun ba ta kowace fuska.

Wasu suna cewa a kira fannin ilimin ƙidaya. Ban yarda ba. Kunnen mai jin Hausa in ya ji ƙidaya, ƙidayar jama'a yake tunawa, kuma a misalin nan ba adadi muka nema ba, mun nuna ne cewa wani tsari ba shi da makawa. Wasu kuma sun ce a aro daga Larabci, inda ake cewa tawafiƙ. Aro daga Larabci ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aljabara ma daga can ta zo, amma wannan kalma ta yi kusa da taufiƙi sosai, ɗalibi zai ɗauka maganar dacewa ake yi. A bar ta kombinatorik fa? Kwamfuta ta zauna a bakinmu saboda abu ce da ake gani, a taɓa. Wannan kuwa tunani ne zalla, in sunan bai haska komai ba, ɗalibi zai haddace shi ne kawai.

Ni na zaɓi lissafin haɗe-haɗe. Ninkin da ke cikin kalmar shi ya ja ni: haɗe-haɗe na nuna haɗi iri-iri, wannan da wancan, ta hanyoyi masu yawa, kuma hanyoyin nan su ne abin da fannin ke bincike.

Zanen da masana ke yi na ɗigo-ɗigo da layuka tsakaninsu, shi kuma mu kira shi raga. Kowane ɗigo ƙulli ne, kowane layi zare. Mutum 6 ƙulli 6 ke nan, zare 15, a rina na sanayya ja, na baƙunta shuɗi. Frank Ramsey, ɗan Ingila, shi ya tabbatar a aikinsa da ya fito a 1930 cewa ko rukunin ƙulli nawa kake nema, in raga ta yi girma dole ka same shi da zaren da ke tsakaninsu duk launi ɗaya. Na rukunin uku, ƙulli 6. Na huɗu, 18, tun 1955 aka san haka. Na biyar kuwa har yau ba a warware ba, an dai san yana tsakanin 43 da 46. Mutum zai ce a ba kwamfuta mana. Raga mai ƙulli 43 zarenta 903 ne, hanyoyin rina ta kuma 2 ne a ninka da kanta sau 903. Babu na'urar da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Inda na fi daɗewa ina juya magana shi ne dabarar Paul Erdos, ɗan ƙasar Hungari, ta 1947. Yana son ya nuna akwai babbar raga da babu babban rukuni mai launi ɗaya a cikinta. Bai saƙa ragar ba. Cewa ya yi a jefa kwabo a kan kowane zare, in ya faɗi ta wannan fuska ja, in ta waccan shuɗi. Sai ya lissafa, a matsakaici, rukuni nawa masu launi ɗaya za su fito. Da adadin ya kasa ɗaya, sai ya ce to dole akwai rinin da babu ko guda. Da wannan za ka tabbatar akwai taron mutum 1024 da babu 20 masu sanin juna duka, babu kuma 20 baƙin juna duka, alhali ba ka nuna taron ba.

Wane suna ya dace da wannan? Caca ba ta shiga ba, ba don nauyin kalmar kaɗai ba: mai caca yana iya faɗuwa, hujjar Erdos kuwa tabbas ce, babu wataƙila a ƙarshenta. Canki-canki yana buƙatar amsar da wani ya ɓoye, nan babu mai ɓoyewa. Kara-zube na nuna rashin kula, alhali jifar kwabon nan da ƙa'ida ake yin ta, kowace fuska rabonta rabi. Abin da ya rage shi ne ƙuri'a da ma'anarta ta asali, wadda ake jefawa a ce ta faɗa kan wane. Na san yau ƙuri'a akwatin zaɓe take tunawa mutane, amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, kuma ita ce daidai: zaɓin da babu hannun kowa a ciki. Don haka, hujjar ƙuri'a, ragar da aka rina ta haka kuma ragar ƙuri'a.

Ɓangaren aljabara bai ba ni wahala ba, haɗe-haɗen aljabara ya wadatar. A nan ake mayar da raga lissafin haruffa. Hanyoyin rina ƙullayen raga mai kusurwa huɗu, wato ƙulli huɗu a da'ira, ba tare da maƙwabta sun yi launi ɗaya ba, in aka rubuta adadinsu da lissafin haruffa, suna ba da jerin lambobi 1, 4, 6, 3, su hau sannan su sauka. Ronald Read ya yi hasashe a 1968 cewa a kowace raga lambobin ba sa sauka su sake hawa, June Huh ya tabbatar a 2012, ya kuma sami babbar lambar yabo ta lissafi, wato Fields, a 2022.

Na gwada kalmomin a jimla guda don in ji ko za su ɗauki kaya: a lissafin haɗe-haɗe, hujjar ƙuri'a ta nuna tun 1947 cewa irin wannan raga tana nan, amma har yau babu wanda ya samo ƙa'idar saƙa ta da hannu, zare bayan zare, ta kai ingancin ragar ƙuri'a. Ku karanta ta da ƙarfi, ku faɗa mini kalmar da ta yi muku tuntuɓe a baki.