Neman shawara: kilas ɗaya a ƙarƙashin intafes biyu

Mai tambaya, daga Jidda:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina rubuta wa wani kamfanin jigilar masu Umara tsakanin Jidda da Makka manhaja da ASP.NET Core, tsarin Microsoft na rubuta manhajojin yanar gizo. Akwai kilas guda mai riƙe lissafin kujerun bas, yana kuma amsa intafes biyu, na karatu da na rubutu. Na yi wa kowannensu rajista da AddSingleton, umarnin da ke sa manhaja ta riƙa amfani da kwafi ɗaya tak, amma sai a sayar da kujera ta ɓangaren rubutu, ɓangaren karatu kuwa ya ci gaba da nuna cewa ba ta da mai ita. Ga Ramadan yana matsowa. A ina na yi kuskure?

Amsa daga Makka:
Wa alaikumus salam. Malam, kwantenar Microsoft, wato sashen da ke ƙirƙirar kwafin kilas ya miƙa wa mai buƙata, rajista take ƙirgawa, ba kilas ba, saboda haka layukanka biyu sun haifar da kwafi biyu, kowanne da nasa lissafin da ɗan'uwansa bai san da shi ba. Ka yi wa kilas ɗin kansa rajista sau ɗaya, sannan ka tura intafes ɗin gare shi:

services.AddSingleton<Kujeru>();
services.AddSingleton<IKaratu>(sp => sp.GetRequiredService<Kujeru>());

Haka za ka maimaita wa na rubutun.

Amsa daga Madina:
Abin da Malam na Makka ya faɗa daidai ne, sai dai akwai sauran rina a kaba. Idan kilas ɗin yana da IDisposable, wato intafes ɗin da ke ba shi Dispose na rufe shi bayan an gama aiki, kwantenar tana lissafa duk abin da ya fito ta irin wannan turawa a cikin abubuwan da za ta rufe, don haka tana iya kiran Dispose fiye da sau ɗaya a kan kwafi guda. Ka rubuta shi yadda kira na biyu ba zai yi ɓarna ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne, kwafin nan ɗaya duk buƙatun da suka shigo a lokaci guda za su taɓa, kuma idan babu lock, wato makullin da ke sa su shiga ɗaya bayan ɗaya, fasinjoji biyu za su iya biyan kuɗin kujera ɗaya. Ranar da kuka ƙara sabar ta biyu kuwa, kowacce da nata kwafin za ta tashi, shi ya sa ni a ganina rumbun bayanai ne mazaunin wannan lissafi.

Amsa daga Riyad:
A Autofac, wata kwantenar ta daban, layi ɗaya ne, da As sau biyu da SingleInstance, amma ban ga dalilin sauya kwantena saboda wannan kaɗai ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na gwada turawar, ReferenceEquals ya tabbatar mini kwafi ɗaya ne. Maganar rumbun bayanai kuma gobe zan kai wa mai gidana.