Muhawara: Na'urorin bugun lantarki na Sandia, don makami aka gina su ko don wuta?

Injiniya Bashir: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na yi wata magana a gaban ɗalibaina, wani ya ce na yi tsauri, shi ne na kawo ta nan. Cewa na yi manyan na'urorin nan da ke tara lantarki a hankali sannan su sake shi a bugu ɗaya don cilla elektron, irin Hermes III ta cibiyar Sandia a Amurka, kayan aikin makamin nukiliya ne. Zancen wai za su ba duniya wutar lantarki ado ne kawai. Ina nan kan bakana.

Dakta Halima: Wa alaikumus salam. Injiniya, a kan Hermes III ba ni da ja. Tun da ta fara aiki a 1988, aikinta samar da hasken gama ne don a gwada ko kayan lantarkin soja za su jure fashewar nukiliya. Amma ka haɗa kowa da kowa a buhu ɗaya, nan muka rabu.

Sani: Malamai, don Allah a tafi da mu ƙanana. Yaya ma abin yake aiki?

Malam Ɗanjuma: Sani, tushen dabarar na wani Bajamushe ne, Erwin Marx, a 1924. Za ka cika kafasitoci, wato na'urorin ajiye lantarki, da yawa gefe da gefe, kowace da ƙarfi daidai gwargwado. In sun cika, sai tartsatsi ya tsallaka ratar da ke tsakaninsu, nan take su koma jere guda, ƙarfinsu ya haɗu. Daga nan a bi da bugun ta cikin man taransfoma da tataccen ruwa, ana matse shi, yana gajarta yana ƙara zafi. Hermes III tana kai wajen folt miliyan 20 da amfiya dubu 700, na tsawon nanosakan 40. Nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. In ka ninka, wat tiriliyan 14 ke nan, ya fi abin da tashoshin wutar duniya ke bayarwa a haɗe. Amma saboda gajartar lokacin, makamashin duka bai wuce na tafasa ruwa lita biyu ba. Wannan ne ke ruɗa mutane.

Injiniya Bashir: Madalla da bayani, Malam. To ku dubi asali. Charlie Martin da ya raya wannan fanni a shekarun 1960, a Aldermaston yake aiki, cibiyar makaman nukiliyar Birtaniya. Abin da yake nema shi ne hasken da zai ratsa ƙarfe ya ɗauki hoton abu yana tsakiyar fashewa. Amurka ta yi gwajin bam ɗinta na ƙarshe a 1992. Me ya biyo baya? DARHT a Los Alamos, cibiyar makaman nukiliyar Amurka, na'urori biyu masu cilla elektron daga kusurwa biyu, suna ɗaukar hoton samfurin cikin bam yana matsewa. Kowa ya san mai biyan kuɗin kiɗa shi ake wa waƙa.

Dakta Halima: Ban musa asali ba. Amma tun shekarun 1970 mutanen Sandia suka so harba elektron kan ɗan ƙwallon makamashi don ƙwayoyin zarra su haɗe su ba da zafi. Abin bai yiwu ba, domin elektron na kutsawa ciki su ɗumama ƙwallon kafin ya matsu. Suka koma kan ƙwayoyin da suka fi elektron nauyi, su ma suka ƙi tattaruwa wuri ɗaya. A 1996 aka mayar da na'urarsu PBFA-II ta zama wadda ake kira Z, wadda bayan gyaran 2007 take tura amfiya miliyan 26. Wanda ke neman ado ba ya shekara ashirin yana faɗuwa yana tashi haka.

Kuma ga abin da ya fi damuna. A Disamba 2022 cibiyar NIF ta Amurka, mai matse irin wannan ƙwallon da leza 192, ta zuba makamashi megajul 2.05 ta samu 3.15, duniya ta ɗauka. Amma wajen megajul 300 ta ja daga layin wuta kafin ta yi wannan. Bugun lantarki kai tsaye ba ya asarar da ta kai haka, ko kusa.

Injiniya Bashir: Dakta, sau nawa Z ke bugawa? Kusan sau ɗaya a rana. Kuma duk bugu sai ya farfasa ƙarafan da ke tsakiyarta, ma'aikata su shiga su kwashe su sa sababbi. Tashar wuta tana bukatar bugu duk bayan 'yan daƙiƙu, dare da rana.

Malam Ɗanjuma: A nan ne aikin Rashawa ya shigo. Cibiyar da Gennady Mesyats ya kafa a Tomsk a 1977 ta fito da tsarin LTD: ƙananan kafasitoci da makunnansu a jere cikin zobe, suna ba da gajeren bugu tun daga farko, ba sai an bi ta tankunan ruwa ana matsewa ba. An gwada irinsa yana bugawa duk bayan kimanin daƙiƙa 10, sau dubbai.

Injiniya Bashir: Zoben ne ya jure, Malam. Layin da ke kai wutar ga ƙwallon fa?

Dakta Halima: Nan kam ka kama ni. Shawarar da ake da ita ita ce a riƙa narkar da layin ana sake ƙera shi bayan kowane bugu, kuma ba a nuna hakan a aikace a girman tasha ba. Na yarda. Kai ma ka janye kalmar "ado".

Injiniya Bashir: Na janye "ado". Ban janye cewa kuɗin makami ke riƙe da su ba. Haka zan gyara wa ɗaliban ranar Litinin.

Sani: Malam Ɗanjuma, in da hali a turo mana zanen yadda kafasitocin Marx ke komawa jere. Wurin tartsatsin ne ban gama ganewa ba.