Waɗanda suka ga ƙuri'ar raba gardamar Sikotilan da idonsu, ku zo mu ji

Mazaunin Gilasgo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya bayan sallar Isha'i muka yi gardama da wani yaro da ya zo karatu bana. Shi a wurinsa maganar 'yancin kan Sikotilan daga Birtaniya rigimar Turawa ce, babu ruwanmu. Na ce masa ni da hannuna na jefa ƙuri'a ranar Alhamis, 18 ga Satumba 2014, kuma a lokacin fasfona na Nijeriya ne. Bai yarda ba sai da na yi masa bayani cewa duk ɗan ƙasar Kwamanwel, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, da ke zaune a nan bisa ƙa'ida yana da ikon yin rajista ya yi zaɓe. Haifaffen Sikotilan da ya koma Landan da zama bai samu ƙuri'a ranar ba, ni baƙo na samu.

Tambaya ɗaya ce a takardar: shin Sikotilan ta zama ƙasa mai cin gashin kanta? Na zaɓi A'a. Dalilina guda ne. Masu kamfe na zama tare, waɗanda Alistair Darling ya jagoranta, sun yi ta nanata mana cewa in aka ɓalle an fita daga Tarayyar Turai, sai an sake neman shiga daga farko. Ni kuma aikina na ajiyar kaya ne da aika su Faransa da Holand. Masu A'a muka yi nasara da kashi 55 cikin 100. Ba a cika shekara biyu ba, a Yunin 2016, Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, alhali kashi 62 na masu zaɓe a Sikotilan sun ce a zauna, kuma ko ƙaramar hukuma ɗaya cikin 32 ba ta goyi bayan fita ba. Abin da na gudar wa kaina shi ya same ni, kuma har yau abin yana ci min rai. Don Allah duk wanda yake nan a lokacin ya faɗi abin da ya gani da abin da ya zaɓa.

Injiniya a Abadin:

Wa'alaikumus salam Malam. Ni ma A'a na zaɓa, kuma in aka sake gobe A'a zan maimaita. Ina aikin mai a nan tun kafin ƙuri'ar. A lokacin kamfe gangar mai tana sama da dala 100, kuma a kan farashi irin wannan gwamnatin Sikotilan ta Alex Salmond ta ɗora lissafin yadda sabuwar ƙasa za ta riƙe kanta. Zuwa Janairun 2016 ganga ta faɗo ƙasa da dala 30. Ba labari aka ba ni ba, ina cikin waɗanda aka sallama. Wata takwas ina zaune a gida, maƙwabtana suna sa gidajensu a kasuwa babu mai saye, otal-otal da a da ba ka samun ɗaki sun zama fayau. Kullum sai in tambayi kaina, da an ɓalle, da wane kuɗi za a biya albashin malaman makaranta da 'yan fansho a wannan shekarar? Mu da muka taso a ƙasar da kasafinta ke rawa da farashin mai mun san wannan ciwon tun muna yara.

Sai maganar kuɗi. Tun Fabrairun 2014 George Osborne, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, ya ce Landan ba za ta yarda a yi tarayya a kan fam ba. Bashin gidana da fam na ci shi. Babu wanda ya iya gaya min da me zan ƙarasa biya. Mafi yawan mutanen Abadin A'a suka ce, kuma na san dalilinsu.

Ma'aikaciyar jinya a Dundee:

Injiniya, Allah ya mayar maka da alheri, na ji zafin abin da ya same ka. Amma bari in faɗi nawa, domin garinmu shi ya fi kowane gari ba Eh ƙuri'a, kashi 57.

Ni ina zuwa gidajen tsofaffi da marasa lafiya a unguwannin talakawa. Akwai wata tsohuwa da nake dubawa, ta haura shekara saba'in, ta ce min rabonta da rumfar zaɓe tun zamanin Firaminista Margaret Thatcher, don ta ga ko me suka zaɓa a nan, gwamnatin da Ingila ta zaɓa ita za ta mulke su. Ranar ƙuri'a ta sa jikanta ya tura ta a keken guragu. Irinta suna da yawa, shi ya sa masu fitowa zaɓe suka kai kusan kashi 85. Ban taɓa ganin layi irin na ranar ba a ƙasar nan.

'Yata tana da shekara 16 a lokacin, kuma an ba 'yan 16 da 17 damar zaɓe. A makaranta suke muhawara ta dawo gida ta ɗora da ni a kicin. Ita ta nuna min cewa abubuwan da nake yaba wa ƙasar nan, kamar maganin da likita ya rubuta maka kyauta tun 2011, da karatun jami'a ba kuɗin makaranta ga mazauna, duk majalisar dokokin Sikotilan da ke Edinbora ce ta kawo su, wadda aka kafa a 1999. Abin da ya rage a hannun Landan kuwa, irin su biza da shige da fice, shi ne inda muke shan wuya. A 2012 aka soke bizar da ke ba ɗalibi damar tsayawa aiki bayan kammala karatu. Ƙanena ya gama digiri na biyu, yana da mai son ɗaukarsa aiki, amma dole ya tattara ya tafi. Gwamnatin Sikotilan ta yi alkawarin dawo da bizar in an samu 'yanci. Ƙasa ce mai mutum miliyan biyar da ɗoriya, tsofaffi suna ƙaruwa, tana buƙatar ma'aikata, amma ba ta da ikon cewa wane ya zauna. Ni da 'yata Eh muka zaɓa. Da safiyar Juma'a da sakamako ya fito ta shige ɗaki ta yi ta kuka, ni ma ban iya karyawa ba.

Ɗan Nijar a Edinbora:

Ni kallo kawai na yi, tunda Nijar ba ta cikin Kwamanwel. Abokan zamana ɗan Gana da ɗan Kamaru suka tafi rumfa suka bar ni. Sai a 2020 majalisar nan ta yi dokar da ta ba duk baƙon da ke da izinin zama damar zaɓenta, na fara jefa ƙuri'a a Mayun 2021. Zaɓen majalisar Landan har yau ba ni da shi. Edinbora A'a ta zaɓa da rinjaye mai yawa, kuma waɗanda na sani masu aikin banki da inshora tsoron a kwashe ofisoshinsu zuwa kudu ne ya sa su.

Direban tasi a Gilasgo:

Ina da ƙuri'a amma ban je ba. Na ce baƙo raɓa ne, auren Ingila da Sikotilan da aka ɗaura tun 1707 ba ni zan raba shi ba, ba ni kuma zan hana a raba ba. Amma kunnena ya sha labari a mota. Wa da ƙane suna zagin juna a kujerar baya, mata da miji kowa da bajonsa a ƙirji. Daren 19 ga Satumba, washegarin ƙuri'ar, ina aiki lokacin da rikici ya tashi a dandalin George, 'yan sanda kan dawakai sun raba tsakani, na kashe mita na koma gida.

Abin da ya sauya min tunani ranar ƙaramar sallah ce ta 2021. Motar jami'an shige da fice ta zo titin Kenmure a unguwar Pollokshields ta ɗauki mutum biyu. Maƙwabta suka fito suka kewaye motar, wani ya kwanta a ƙarƙashinta, tun safe har yamma, sai da aka saki mutanen. Ina wurin da kayan sallata. Waɗanda suka tsaya ɗin galibinsu 'yan gari ne, suna cewa waɗannan maƙwabtanmu ne. Tun ranar na daina kiran kaina baƙo. 'Ya'yana uku a nan aka haife su. In aka sake ƙuri'a zan je, kuma zuciyata ta karkata ga Eh.

Injiniya a Abadin:

Hajiya, Malam direba, ban musa ko ɗaya ba. Amma ku duba wannan. Kusan kashi 60 na abin da Sikotilan ke sayarwa waje, Ingila da sauran Birtaniya yake zuwa. Yanzu in aka ɓalle aka koma Tarayyar Turai, shingen kwastan zai iya tsayawa a Gretna, kan iyaka da Ingila. Wahalar takardun da Malam yake sha da kayan Faransa, ita zai riƙa sha da kayan Manchesta.

Mazaunin Gilasgo:

Gaskiya ne Injiniya, wannan ne ya hana ni cewa na koma Eh kai tsaye. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne a ce ba za a sake tambayarmu ba. A 2012 David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin, da Salmond sun zauna a Edinbora sun sa hannu aka yi ƙuri'ar cikin mutunci. A Nuwamban 2022 kotun ƙoli ta ce majalisar nan ba ta da ikon kiran wata sai Landan ta yarda, Landan kuma ta ƙi. Ni an karɓi ƙuri'ata a kan wani sharaɗi, sharaɗin ya rushe, ina son a dawo min da takardar in sake dubawa ko da A'a zan ƙara sawa. Hajiya, 'yar taki tana nan kan bakanta har yanzu? Kuma akwai wani daga cikinmu da ke zaune kusa da Faslane, inda ake ajiye jiragen nukiliya na ƙarƙashin ruwa? Ina son jin yadda masu aiki a can suka zaɓa.