A yi wa pon na baya walda ko a bari?

Ɗan Tawa: Salamu alaikum manya. Hilux ta tseren rairayi, in an yi wa pon na baya (akwatin giyar da ke raba wa tayoyin baya ƙarfin inji) walda tana ƙara gudu?

Makanike: Wa alaikumus salam. Gudu a'a, riƙon ƙasa dai. Pon da ba a kulle ba ƙarfi ɗaya yake ba tayoyin biyu: ɗaya ta yi sama, sai ta yi ta wulwulawa, ɗayar ta tsaya cik. Walda na maganin wannan, don tana kulle pon ɗin, tayoyin biyu su riƙa juyawa tare. Amma a kwana motar miƙewa take so, a kan kwalta kuwa sandar taya ke murɗewa ta karye.

Tsohon direba: Ƙanena, nemi pon mai faifan kuloci a ciki. Man giya 80W-90 mai alamar LS, wato na irin wannan pon, za ka zuba, in ba shi ba zai riƙa kakkarwa a kwana.

Makanike: Rage iskar tayoyi zuwa bar 1,2 a ma'aunin iska tukuna.