Amortisa mai lantarki: wa ya taɓa canja mata rasor ko bawul a nan Maraɗi?

Na Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda abin ya taɓa ratsawa ta hannunsa nake nema, ba wanda ya ji a majalisa ba. Babur ɗina Super Ténéré 1200 ne mai amortisa ta lantarki (amortisa ita ce mai shanye gargadar hanya), samfurin da Yamaha ta fara fitarwa a 2014. Na hannu na saye shi, ya riga ya sha hanya a Turai kafin ya iso wurina. Ni mutum ne mai jiki, na haura kilo 100, kuma galibi uwargida tana baya, ga akwatuna cike. A kwalta, daga nan har Tasawa, lafiya lau. Amma da zarar na sauka laterit ko na hau tudun rage gudu, sai bayan ya zauna har ƙasa, in ji "ƙum" a ƙugu. Na kai maɓalli kan hoton hula biyu da akwati, wanda shi ne ƙarshen matsin rasor (sifirin), na sa taurin a kan mafi ƙarfi. Zaman bai daina ba, sai ma gargada ta ƙara dukana. To rasor kawai zan canja, ko sai an buɗe an taɓa bawul, mai daidaita gudun man da ke ciki? Kuma in an canja, kwamfutar babur za ta yarda?

Makanikin Burja:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi komai sai ka auna. Mita ta tela ma ta isa, da mutum biyu masu riƙe maka.

Ka ɗora babur a ƙafar tsakiya, tayar baya ta tashi daga ƙasa. Ka manna alama a jikin babur daidai saman akis ɗin tayar, ka auna tsakaninsu, ka rubuta. Ka sauke shi ya tsaya da nauyin kansa, ka sake aunawa. Sannan ka hau da duk abin da ka saba tafiya da shi, Hajiya ta hau, ƙafafu a kan mataki, su kuma suna riƙe, a auna na uku. Bambancin awo na farko da na uku shi ne zaman babur. A irin waɗannan manyan babura ana so ya kasance wajen kashi 30 cikin 100 na duk tafiyar amortisa, ko sulusi. Naka milimita 190 yake tafiya, a tayar gaba da ta baya, ke nan zaman da ya dace bai wuce milimita 57 zuwa 63 ba. In ka ƙure matsi amma ka tarar ya zarce haka sosai, rasor ne bai kai nauyinku ba.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, wannan maɓallin na hula ɗaya, hula biyu, ba ya ƙara wa rasor ƙarfi ko kaɗan. Ɗan mota ne, wato ƙaramin injin lantarki, ke tura mai, man ya tura zobe, zoben ya danne rasor, sai babur ya ɗan ƙara tsawo. Kamar ka sa wa gado bulo ne a ƙarƙashin ƙafa: ya tashi sama, amma katifar tana nan yadda take. Ƙarfin rasor a jikin ƙarfensa yake, kaurin waya da faɗin zagaye da yawan nadi, kuma da N/mm ake rubuta shi. Rasor mai 150 N/mm, alal misali, sai an ɗora masa wajen kilo 15 yake lotsawa milimita ɗaya, ko ka danna maɓalli ko ba ka danna ba. Ɗaya maɓallin kuma, na taushi da tauri, gudun mai kawai yake ragewa. Yana jinkirta zama, ba ya hana shi. Shi ya sa ka tara wahala biyu.

Ɗan Tibiri:

Gaskiyar Baba Makaniki ce, amma bari in ƙara abin da na gani ga nawa, irin na Alhaji ne sak. Rasor kaɗai munka canja da farko, mai ƙarfi anka kawo mini. Zaman ya gyaru nan take, babur ya miƙe, hitila ta bar haska sama da dare, kan ma ya fi jin magana ga kwana don nauyi ya komo gaba. Sai wata matsala ta biyo: in na faɗa rami, lotsawa lahiya lau, amma wurin dawowa sai bayan ya harbo ni sama. Hanyar Dakwaro na fi jin shi. Rasor mai ƙarfi da ƙarfi yake dawowa, kuma man da ke ciki ya tsufa, ba ya iya riƙe shi. Na ƙure maɓallin tauri, ya ɗan rage, bai bari ba. Sai da anka buɗe ta, anka zuba sabon mai, anka ƙara rondel ga ɓangaren dawowa, sannan tahiya ta kwanta. Yanzu tsakiyar saiti nake yawo, ina da sauran wuri sama da ƙasa. Don haka Alhaji, in za a taɓa, a taɓa su tare. Kuɗin kwancewa ɗaya ne.

Kabu-kabun Mokoyo:

Manya gatan wasa! Mu namu Boxer rasor biyu ne, ƙarami cikin babba, saitinmu kuwa sifana ce da ƙarfin hannu. Masu ɗauko buhuna daga ƙauye ma amortisa huɗu suke jerawa a baya, ba kwamfuta ba gardama. Alhaji in ya ishe ka, kawo mu yi musaya, ka ciko mini.

Na Ali Ɗan Sofo:

Ƙanena, in na ba ka shi, ran da ya faɗi a yashin Gulbi wa zai ɗaga maka? Kilo 265 ne fa ba kowa a kai. Baba Makaniki, waɗannan rondel da Ɗan Tibiri ya ambata, mene ne bambancinsu da abin da maɓalli ke juyawa?

Makanikin Burja:

A cikin amortisa akwai fistan mai ramuka yana kai da kawo cikin mai. Hanya biyu man yake da ita. Ta farko 'yar ƙaramar kafa ce mai allura a bakinta. A babur mai saitin hannu, sukurun da kake juyawa yana "ƙas-ƙas" wannan allurar yake matsarwa. A naka, ɗan mota ne ke juya ta maimakon yatsanka, shi ke nan bambancin. Wannan kafar ita ke aiki a motsi mai sanyi: taka birki, buɗe wuta, shiga kwana. Hanya ta biyu ita ce manyan ramukan fistan, waɗanda aka rufe da tarin rondel sirara, kowace ba ta kai rabin milimita ba, an jera su daga mai faɗi zuwa ƙarama. In taya ta bugi bakin rami ko gargadar laterit, ƙaramar kafa ba ta iya wuce da man, sai ya lanƙwasa rondel ya bi ta gefensu. Tari ɗaya na lotsawa ne, ɗaya na dawowa. Dukan da kake ji a gargada daga nan yake, kuma maɓalli ba ya kaiwa can. Babur ɗinka saiti 84 gare shi in ka lissafa, matsi 4 sau tauri 3 sau mataki 7, amma duk a kan rondel ɗaya suke yawo.

Mai GS na Zariya:

Barkanku da hira. A kula, ba duk masu lantarki ne iri ɗaya ba, kada wani ya ɗauki maganar nan ya kai kan nasa. Na Alhaji kai ne ke zaɓa, ita kuma ta tsaya inda ka sa ta. Haka ESA ta farko, amortisar lantarki da BMW ta fito da ita a 2004, take. Nawa R1200GS ne mai Dynamic ESA, wadda ta zo a 2013: akwai na'urar auna motsi a tayar gaba da ta baya, kwamfuta tana buɗe bawul tana rufewa da kanta kana cikin tafiya. Na Africa Twin mai Showa EERA, daga 2020, Honda ta ce cikin daƙiƙa 0.015 take gyara kanta. A irin waɗannan, lissafin kwamfuta an gina shi ne a kan rasor da bawul na asali, don haka mai yi maka aiki dole ya san iyakar da zai tsaya.

Ni rasor na baya na canja, saboda kayan aiki da nake ɗauka zuwa ƙauyukan Mayahi. Bayan an ɗaura, sai da aka jona na'urar bincike ta GS-911 aka sake koya wa kwamfuta tsayin babur, tayar baya a sama. Ba dogon aiki ba ne, amma ba a tsallake shi. Abu biyu ga mai GS: gabansa Telelever ne, amortisa guda ce a tsakiya, ba rasor cikin ƙafafun gaba ba, kada a sayo maka wanda ba naka ba. Sannan samfurin 2017 zuwa sama da kansa yake daidaita tsayi in an ƙara nauyi, sai ka ga babur tsaye cak ka zaci komai daidai ne, alhali matsi ya kusa ƙurewa. Kuma kowane iri ne, kada a kunna makulli fish ɗin amortisa, wato soket ɗin wayarta, yana cire, fitilar gargaɗi za ta kama a tablo.

Maman 'Yan Biyu:

Ku duk na gaba kuke, bari ta baya ta yi magana. Maigidana irin wannan yake hawa. Kafin a gyara, in muka je biki Gidan Rumji, sai na kwana da ciwon baya, shi kuwa yana cewa bai ji komai ba. Ina zai ji, yana tsakiya, ni ce a saman taya. Da aka canja, abin da na fara lura shi ne na daina zamewa baya ina riƙe rigarsa. Alhaji, ka tambayi Hajiya tun yanzu, kuma ranar gwaji a tafi da ita. Sannan wurin faɗin kilo, a hau sikeli, kada a yi kara.

Ɗan Kasuwar Kano:

Ni ban bi hanyarku ba, kuma ban yi nadama ba. Da tawa ta fara zubar da mai, na kai wa wani mai gyara a wani gari da ba zan faɗa ba. Ya buɗe, ya zuba mata man inji, ya hura mata iskar faci, ya ce an gama. Ba a jima ba ta koma kumfa. Daga nan na cire ta lantarkin gaba ɗaya na sa ta saitin hannu, aka toshe fish da abin da ke hana fitila kamawa. Ina juya matsi da hannu, ba waya, ba ɗan mota. A ƙasar da mai na'urar bincike sai an yi tafiya, ni a ganina kwanciyar hankali ya fi maɓalli. Wanda ke sauke fasinja yana ɗauka kullum, shi zai yi kewar maɓallin, wannan na yarda.

Makanikin Burja:

Abin da aka yi maka ke nan yake sa nake cewa ta baya ba ta kowane gareji ba ce. Akwai iskar azot a ciki, naitirojin, a matse wajen bar 10. Aikinta ta danne man kada ya yi kumfa in fistan yana gudu. Iskar faci tana da laima, kuma mai buɗewa bai saki iskar ba yana iya jin ciwo. Ni kaina rasor nake canjawa da abin matse shi, in yi ƙafafun gaba, amma cikin ta baya sai in tura wa mai tulun azot. Man kuma nata daban ne, siriri. Lambar 5W ko 10W da ke jikin gora ba ma'auni ɗaya ba ce tsakanin kamfanoni, a duba cSt, awon kaurin mai, a zafin digiri 40. A watan Afrilu da Mayu iskar garin nan kanta ta wuce 40, ga amortisa a bayan inji kusa da salansa. Man yana tsinkewa, shi ya sa babur da ka fito da shi da safe yana nitse, da azahar a laterit sai ya fara lilo. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke cin robar da ke tare mai. A riƙa goge sandar ƙarfen, a sa mata riga.

Amma ban goyi bayan a zubar da ta lantarki ba in ɗan motar yana da rai. Wilbers na Jamus suna da tsarin WESA, inda ake ɗauke motocin asali a ɗora kan sabuwar amortisa, maɓalli ya ci gaba da aiki. Tractive na Holan ma suna yin masu shiga fish kai tsaye. Kowa dai sai ya duba ko akwai na samfurinsa.

Na Ali Ɗan Sofo:

Mun auna bayan la'asar. Ni kaɗai, a kan hula biyu da akwati, zaman ya zo daidai. Da Hajiya ta hau aka maƙala akwatuna, ya kusa rabin tafiyar. Awo na biyu kuma, babur shi kaɗai a wannan matsin, kusan bai zauna ba sam. Na gaba yana cikin ƙa'ida.

Mai GS na Zariya:

To an gama shari'a, Alhaji. Matsi a ƙure, babur shi kaɗai ba ya zama, da kaya kuma ya nutse: alamar rasor mai taushi ke nan. Gaba a canja mai kawai a bar shi. Wurin oda, ka ba su nauyinka da hula da takalmi, nauyin Hajiya, nauyin akwatuna cike, da kashin tafiyar da kuke yi ku biyu. Ka faɗi shekara, ka jaddada mai lantarki ne, don rasor ɗinsa ba lallai ya yi tsawo ɗaya da na maras lantarki ba. Za su tambaye ka mai ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, ko mai ƙara tauri yana lotsawa irin na Hyperpro. Tunda wata rana kai kaɗai ne, wata rana ku biyu, na biyun ba laifi, sai dai mai jera rondel ya fi samun sauƙin daidaita na farkon. Kada a wuce gona da iri wurin ƙarfi, ɗan motar matsi shi ma yana da iyakar abin da zai tura.

Ɗan Kasuwar Kano:

In an kawo rasor ɗin, a naɗe amortisar da fish ɗinta cikin leda a ba ni, ina shiga Najeriya ta Ɗan Isa. Ka rubuta wa mai aikin lambar N/mm a takarda ka manna a jiki, da ita zai zaɓi rondel. Baba Makaniki, kai za ka kwance ta, ko a kawo maka babur ɗin Burja?

Makanikin Burja:

A kawo shi da safe kafin rana ta yi zafi. Alhaji, ka mayar da maɓalli kan hula ɗaya tun a gida, ina so matsin ya sauka kafin in cire batir.