Kyanwa a fim ɗin gidan yari: shawarwarin masu sana'ar

Masu horar da dabbobi da ma'aikatan fim bakinsu ya zo ɗaya: ƙara ce babbar matsala. Bugun ƙofar ƙarfe da ihun fursunoni kan firgita kyanwa, ta kurɗa tsakanin sanduna, ta maƙale inda hannu ba ya kaiwa. A toshe kowace kafa, a ɗauki hoton shiru, sautin a saka shi wajen tacewa.

A tanadi kyanwoyi biyu ko uku masu kama ɗaya, ana musanyawa. Ɗan wasan ya saba da ita tun kafin ɗauka, yana ba ta nama da hannunsa. Maganin barci kuwa, sam, yana iya danne numfashinta. Inda labari ya ce an cutar da ita, a kawo ta roba, kyamara ta tsaya kan fuskar fursunan.