Allon nan da ake kira HPL, me za mu ce masa da Hausa?

Malamin gini, Katsina:
Assalamu alaikum. Ana neman kalmar da za a sa a takardar koyar da ɗalibai da Hausa a madadin HPL, wato allon da ake yi da takardu da rezin (ruwan sinadari mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri), a matse su da zafi. Siririnsa ake liƙawa a fuskar tebur da kanta, mai kaurin kuma shi ake raba banɗakuna da shi, har a rufe fuskar bene daga waje. An kawo "allon roba" da "allon danƙo", ba wanda ya kwanta mini.

Kafinta, Ƙofar Marusa:
Wa'alaikumus salam. Malam, ai yana da suna, fomeka. Ƙafa takwas da huɗu yake zuwa, kauri bai kai na ƙwandala ba. Ko yaron shago ka aika da wannan sunan ba zai dawo maka da wani abu daban ba.

Injiniyan sinadarai:
Maigida, fomeka sunan kamfani ne. Formica, wanda Daniel O'Conor da Herbert Faber suka kafa a Cincinnati ta Amurka a 1913, kuma farko don kayan lantarki suka yi abin, ba don tebur ba. Ba za a rubuta sunan kamfani ɗaya a littafin koyarwa a kan kayan kowa ba.

Kafin a zaɓi suna a san yadda ake yin sa. Cikinsa takarda ce mai ƙarfi ruwan ƙasa, irin ta buhun siminti na da. Ana warware ta daga nadi, a bi da ita cikin kwamin rezin na fenol, ta wuce tsakanin rodi biyu masu tatse abin da ya yi yawa, sannan ta shiga tanda ta bushe. Ba a bari rezin ya ƙarasa daskarewa a nan, rabi kawai. Takardar ado ta sama, mai launi ko zanen katako, ita rezin na melamin take sha, saboda shi garau yake kuma yana da tauri. Sai a yanka, a jera: takardun ciki a ƙasa, ta ado a kai, wani lokaci da wata siririya a samanta don jure gogayya. A sa tsakanin farantan ƙarfe, a shigar injin matsa. Zafi daga digiri 120 zuwa 150, matsi sama da kilo 50 a kan kowane murabba'in santimita. A nan rezin ke narkewa ya ratsa duka takardun, ya daskare, su zama abu ɗaya. Ana sanyaya shi tun yana cikin matsin, sannan a gyara baki, a goge bayan siririn da injin yashi don gam ya kama. Sheƙi ko kaushin fuskar daga farantin ƙarfen yake fitowa. A nauyi, takarda kashi 60 zuwa 70 ce cikin ɗari, sauran rezin.

Shi ya sa "roba" ba ta yi ba. Robar bokiti in ta ji wuta narkewa take, a sake zuba ta. Wannan in ya daskare ya daskare ke nan, sai dai ya ƙone.

Dillalin kayan gini, Daura:
Injiniya ya yi gaskiya, kuma "roba" ma ta riga ta yi miji. In mai gini ya ce allon roba, silin PVC za a ɗauko masa. Ga kwanon nan mai shigar da haske, shi ma rezin ne amma da zaren gilas a ciki, ba takarda ba. Ga alukobon, wanda alminiyam ne gaba da baya. Sunan da za ku ba mu ya raba shi da waɗannan ukun, in ba haka ba rigima a bakin shago.

Malamar Hausa, Katsina:
Kalma biyu ake nema a nan, ta rezin da ta allon. Danƙo yana miƙewa yana komawa, bai dace ba. Ƙaro ya fi kusa: ruwa ne mai kauri da ke fita daga jikin dakwara ya sandare ya yi tauri, kuma kalmar rezin ita ma asalinta irin wannan ruwan itacen take nufi kafin a fara haɗa na masana'anta. Ina ba da shawarar "matsattsen allon ƙaro". Siririn kuwa ba allo ba ne, tunda ba ya tsayuwa da kansa. Falle ne, kamar yadda muke cewa fallen takarda da fallen kwano.

Kafinta, Ƙofar Marusa:
Hajiya, ƙaro fa a ruwa yake narkewa, da shi ake haɗa tawadar allo. Ka ce wa mutum katangar banɗakinsa ta ƙaro ce, ai fasa saye zai yi.

Malamar Hausa, Katsina:
To a ce gasasshe. Kowa ya san laka na jiƙewa, amma tukunyar da aka gasa ba ta komawa laka. "Gasasshen ƙaro" ya ɗauki abin da Injiniya ya bayyana.

Injiniyan sinadarai:
Na yarda da ƙaro. Amma in za a zaɓi ɗaya tsakanin gashi da matsi, a bar matsi, don shi ya raba shi da takardar melamin da ake mannawa kai tsaye a kan MDF (allon garin katako da aka matse) da ƙaramin matsi, wadda ba ta da takardun ciki. Yawancin lahani ma a nan yake ɓullowa. Takardar da ba ta bushe sosai ba tana fitar da tururi a cikin injin, fuska ta yi bororo. Wadda ta bushe fiye da kima rezin ɗinta ba ya gudana, hawa-hawan su rabu. Mai kauri, daga milimita 2 zuwa sama, dole a sa masa takardar ado gaba da baya iri ɗaya, in ba haka ba ya gantsare.

Mai ɗaura allunan bango, Katsina:
Ko wane suna kuka ba shi, ku rubuta wa ɗalibai cewa cikinsa takarda ce, yana motsi da yanayi kamar katako. Da hunturu yana tsukewa, da damina ya buɗe, kuma ya fi motsi ta faɗi a kan ta tsawo. A waje ana amfani da milimita 6, 8 ko 10. A bar tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakanin allo da allo, ramin ƙusa ya fi ƙusar faɗi, a bar aƙalla milimita 20 a baya don iska ta zaga. Wanda ya ɗaure shi tam da rani zai ga ya kumbura a Agusta. Na banɗaki milimita 12 ko 13 ne, guda ɗaya mai ƙafa takwas da huɗu yana kai kilo 50, don haka a ajiye shi kwance a ƙasa mai daidai, ba jingine ba. Kusurwar ciki in za a yanka, a fara huda rami a zagaye ta, kusurwa mai kaifi daga nan tsagewa ke farawa.

Malamin gini, Katsina:
Madalla, Allah ya saka. Abin da zan rubuta: rezin, ƙaron masana'anta. HPL gaba ɗaya, matsattsen allon ƙaro. Siririn da ake liƙawa, fallen ƙaro, tare da bayanin cewa a kasuwa fomeka ake ce masa. Mai kaurin, allon ƙaro.

Dillalin kayan gini, Daura:
A rasit dai "fallen ƙaro" zai shiga, "matsattsen" ya yi tsawo. Saura kwanon zaren gilas, Hajiya, shi ma ba shi da suna.